Uwar Maraya

Ranar da aka ɗauke Inna Baiwa daga gidan da ta tsufa a cikinsa a Agege, ko sallama ba a bari ta yi da maƙwabta ba. Wata mota mai baƙin gilashi ce ta tsaya a bakin layi da hantsi, lokacin da maza suka watse nema. Mahbub, mai riƙe wa Honarabul Zayyanu Jumare jaka da wayoyi, shi ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Oga ne ya aiko, ya gina mata sabon gida, ba ya son ta ƙara kwana a cikin wannan cunkoso. Tsohuwa ta hau sa albarka. 'Yarta Kalsum tana tsaye da ludayi a hannu, ba ta ce amin ba, domin ta san ƙaninta, ta kuma san abin da ya tayar da wannan alheri na gaggawa.

Zayyanu ɗan majalisar dokoki ne a jiharsu ta can Arewa, yana wakiltar mazaɓar Kwarin Gawo, garin mahaifinsu. Sau biyu ana zaɓensa, yanzu yana neman na uku, har ana raɗe-raɗin in ya koma shi ne kakakin majalisa. Tun fitowarsa ta farko da sunan Maraya ya shiga zukatan mutane. A kowane dandali sai ya ba da labarin yadda ya tashi ba uwa ba uba a hannun baffansa, ya share hawaye da hannun babbar riga, mata su yi ta matsar ƙwalla. Uban kam gaskiya ne ya rasu. Uwar kuwa tana Agege da ranta, ita ce ma ta soya wainar da aka yi masa karatu da ita. Laifinta ɗaya ne, 'yar ƙasar Maraɗi ce, kuma mutumin da ake yi wa gorin ɗan Legas ba ya son a ƙara masa da gorin ɗan Nijar. Bana abokin hamayyarsa ya sha alwashin sai ya turo mutane Agege sun zaƙulo matar da ake cewa ta haife shi. Dalilin sabon gida ke nan.

Bene ne da ba a ƙarasa ba, can bayan layin dogo, inda ba wanda ya san Inna. A ƙasa babu komai sai buhunan siminti da maigadi, wanda ba ya jin Hausa ko ta zo in kashe ka, da gangan kuma aka zaɓo shi. A sama aka yi wa ɗaki biyu fenti, aka sa katifa da fanka da talabijin. Matattakalar ba ta da abin dafawa. Cak aka ɗauki tsohuwa aka hau da ita, kuma tun a ranar Kalsum ta gane cewa wanda ya sa aka hau da ita bai yi niyyar ta sauko ba.

Inna Baiwa mace ce ta mutane. A tsohuwar unguwa ba a suna, ba a biki, ba a wankan gawa sai da ita, ƙofarta ba ta rabo da takalman baƙi. A nan kuwa sai ƙarar jirgin ƙasa da kiran sallar wani masallaci da ba ta san limaminsa ba. Mahbub ya karɓe wayarta da sunan za a kawo mata babba, ba a kawo ba. Sai ta riƙa jan kujera zuwa taga tana kallon kawunan masu wucewa. In ta hango mai hula ko mai mayafi ta yi masa sallama daga sama, iska ta kwashe.

Ba a daɗe ba ta taka wata ƙusa da magina suka yar, ta huda mata babban yatsa. Ga mai ciwon suga wannan ba abin wasa ba ne, Kalsum ta sani. Ba ta da ikon kiran ƙaninta kai tsaye, an daɗe da hana ta, sai ta bi ta hannun Mahbub. Amsar da ta dawo ita ce asibitocin Legas cike suke da 'yan Arewa masu zuwa dubiya, ido ɗaya ya isa ya ɓata komai. A ɗan daure, da an gama zaɓen fid da gwani Oga zai sa a fitar da Inna Masar, inda likitocin gaske suke. Aka turo wani mai kemis ya wanke ciwon, ya naɗe, ya bar ƙwayoyi a leda.

Aka gama zaɓen fid da gwani, Maraya ya ci. Yatsan ya yi baƙi. Sai aka ce wanda aka kayar ya garzaya kotu yana ƙalubalantar asalin Honarabul, yanzu ne ma ya fi kamata a yi taka-tsantsan, ko fasfo aka je yi wa Inna sai an gane. A jira alƙali ya yanke hukunci.

Kalsum bazawara ce, mijinta direban tanka ne da ya rasu a hanyar Apapa, ita kuma abinci take sayarwa a kasuwar Mile 12. Kullum da sassafe take gyara uwarta, ta ajiye mata abinci da ruwa da fo a gefen katifa, ta fita ta kama danfo, motar hayar Legas. Masu cin tuwonta yawanci 'yan dako ne da 'yan cirani, da dama daga cikinsu kuma mutanen Kwarin Gawo ne, domin daga can ake kawo albasar ɓangarensu. Ba wanda ya san abin da ke tsakaninta da mutumin da suka liƙa hotonsa a jikin rumfarta. Suna ci suna yabonsa. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya miƙo mata waya, ta ga Honarabul durƙushe gaban wata tsohuwar ƙauye yana sa mata sabon takalmi da hannunsa, yana faɗa wa masu ɗaukar hoto cewa shi bai samu damar yi wa tasa uwar hidima ba. Mai wayar ya ce mata ta gani da idonta, wanda ya rasa uwa shi ya san darajarta. Kalsum ta zuba masa miya har ta malala a tire, ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta.

Bakinta a ɗaure yake. Tun shekarar da Zayyanu ya fara takara Inna ta riƙe hannunta ta sa ta yi alkawari cewa muddin ita Inna tana numfashi ba za ta tona wa Auta asiri ba. Haka ta bi tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya tana roƙo, su ma suka kama bakinsu don girmanta.

Matarsa Laila ta kira sau ɗaya, da muryar nan tata mai sanyi kamar ta mai karanta labarai. Ta ce Yaya a ƙara haƙuri, siyasa ce ta gaji haka, kowa yana tasa sadaukarwar, ita kanta sai ta yi mako ba ta sa mijinta a ido ba. Kalsum ta tambaye ta ko yaran nan sun san suna da kaka a duniya. Laila ta ce layin ba ya da kyau, za ta sake kira.

Sai da ciwon ya cinye tafin ƙafa ya kama idon sawu sannan Zayyanu ya zo. Da tsakar rana ya iso cikin wata ƙaramar tasi, da hular hana-salla da takunkumi a fuska, kamar wanda ya zo sayen kayan sata. Inna tana jin takunsa a matattakala ta yunƙura za ta tashi.

"Auta, kai ne? Cire abin nan in ga fuskarka."

Ya ja takunkumin ƙasa, warin ɗakin ya buge shi, ya mayar. Ya ɗosana a bakin kujera, wayoyinsa suna ta kuka a aljihu. Ba ta yi masa maganar ƙafa ba. Yara ta tambaya, da ko yana samun cin abinci a kan lokaci, don ta ga ya rame. Daga ƙarshe ta ce abu ɗaya take roƙo, a mayar da ita tsohon gida ko a ɗakin baya ne, ba za ta leƙo waje ba, ita dai ta riƙa jin muryar mutane.

Ya matso ya riƙe yatsun hannunta. "Inna, saura ƙiris. In kika sauka daga benen nan, duk wahalar da kika sha a kaina ta tashi a banza. Ki yi mini alkawari ba za ki sauka ba sai na aiko."

Ta yi masa, har da rantsuwa. Kalsum kuwa ta san uwarta, ko wuta ce ta tashi a gidan ba za ta karya wannan magana ba. Ta bi shi zuwa matattakala ta tare hanya.

"Zayyanu, ƙafar nan ruɓewa take yi. Ba ka ji wari ba ne, ko takunkumin ne ya tare maka?"

"Yaya, ba ki san siyasa ba. Kin san mutanen da ke ci a ƙarƙashina? In na faɗi ba ni kaɗai na faɗi ba."

"Ita fa, a ƙarƙashin wa take?"

Ya ce dama tun suna yara zafin zuciya ke damunta, ba ta taɓa son ci gabansa ba, kuma ciwo da waraka duk na Allah ne, kada ta ɗora masa abin da ba shi ya ƙaddara ba. Ya raɓa ta gefenta ya sauka. Tana kallonsa ta taga ya ja maigadi gefe yana yi masa magana, yana nuna sama da yatsa.

Daga nan kwanakin suka koma iri ɗaya, sai dai kowace rana ta fi ta jiya muni. Kalsum ta bar wa wata maƙwabciyar rumfarta tukwane, ta dawo ta tare a gefen katifa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana tsiyayar ruwa, mai kemis ya zo ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, bai sake dawowa ba. Turaren wuta ya daina rufe warin. Ƙudaje suka gano ɗakin. Zazzaɓi kan ɗauke Inna ta yi ta kiran sunayen ƙawayenta, waɗansu ma sun daɗe a ƙasa, tana tambayar su ko an ɗora sanwar biki. In hankalinta ya dawo Kalsum ta durƙusa ta roƙe ta su tafi wurin lokotoro, yadda Inna take kiran likita da Hausarsu ta Maraɗi, sai ta girgiza kai ta ce ta yi wa Auta alkawari. Ta ce yaron nan yana cikin maƙiya, kada su zama su ne za su ƙara masa. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kalsum ta dubi ƙafar, ta dubi fuskar uwarta, ta fita baranda ta cusa mayafi a baki don kada a ji kukanta.

Ta taɓa ɗauko Malam Hadi, limamin tsohuwar unguwarsu, don ya yi wa Inna addu'a, wataƙila kuma ya lallashe ta. Maigadi ya ce Oga ya hana kowa shiga. Dattijon ya tsaya cikin rana da sandarsa ya yi addu'ar daga bakin ƙofa, ya juya.

Kotu ta kori ƙarar. Kalsum ta kira Mahbub a ranar, ya ce yanzu ai babban zaɓe ya ƙarato, ko kwana Oga ba ya yi a gida ɗaya, da an rantsar da shi jirgin farko na Inna ne. A wannan kiran ne ya suɓutar da baki ya ce Oga zai shigo Legas ganawa da mutanen Mile 12, don a shirya motocin da za su kwashe su zuwa gida jefa ƙuri'a. Inna ta tsinci maganar daga inda take kwance.

Ranar da aka ce ya sauka, ta sa Kalsum ta yi mata wanka, ta ɗaura mata atamfar da take ajiya don Salla, ta sa mata kwalli, ta jingina ta da filo tana fuskantar ƙofa. Duk motar da ta rage gudu a kan titi sai ta ɗaga kai. Azahar ta yi, la'asar ta wuce. Zayyanu yana wani otal a Ikeja, tafiyar da ko a okada ba a bakin komai take ba. Da Kalsum ta matsa da kira, Mahbub ya ce 'yan jarida suna biye da su duk inda suka sa ƙafa, Oga ya ce a gaishe da Inna da jiki. Ba ta faɗa wa uwarta ba, amma Inna ta karanta a fuskarta. Ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ce a hankali, "Cire mini ɗankwalin nan, ya yi mini nauyi." Daga nan idonta ya juye, jikinta ya saki.

Kalsum ba ta sake neman izinin kowa ba. Ta sunkuya ta goya uwarta da zani kamar jaririya, ta tarar ba ta ma kai nauyin tukunyar tuwo ba, ta sauko matattakalar tana dafa bango. Maigadi ya tsaya a gaban ƙofa. Da harshen da yake ji ta gaya masa cewa in tsohuwar nan ta cika a bayan wannan ƙofa, shi 'yan sanda za su ɗauka, Oga kuwa ko sunansa ba zai tuna ba. Ya dubi ƙafar da ke lilo a gefen zani, ya zare sakata. Ta tare keke mai ƙafa uku suka nufi asibiti.

Likitar da ta kwance bandejin ta ɗago ta tambayi Kalsum ina suka shiga duk watannin nan. Ta ce da tun yana yatsa aka zo, da yatsan kaɗai za a rasa, yanzu kuwa dafin ya gama shiga jini. Suka yi abin da za su iya. Washegari, rana tana ɗagowa, Inna Baiwa ta cika.

Mahbub ya iso da saƙo. Oga yana ɗaki yana kuka, ya kasa ko shan ruwa, amma taron Mile 12 ba ya ɗaguwa. Ya ce a wuce da gawa maƙabarta daga nan asibiti, mutum kaɗan sun isa, kada a yi sanarwa a masallaci, bayan zaɓe za a yi mata sadakar da Agege ba ta taɓa gani ba. Kalsum ta saurare shi da busassun idanu, ta ce to. Ya yi mamakin sauƙin da ta yi, ya tafi neman masu haƙa kabari.

Yana ɓacewa ta miƙe. Alkawarin da ta ɗauka na mai numfashi ne, numfashin kuwa ya tsaya. Ta kira matan tsohuwar unguwa, kafin wani lokaci an kawo mota, an mayar da Inna gidan da ta roƙa a mayar da ita. Matan da ta yi wa iyayensu wanka su suka yi mata, suna ganin ƙafar suna salati. Kalsum ta aika wa Malam Hadi cewa jana'iza bayan azahar, kuma ɗan mamaciyar yana tafe.

Sannan ta kira Alhaji Ɗanliti, shugaban 'yan albasa, mutumin Kwarin Gawo, wanda shi ne mai masaukin taron ranar. Ta gaya masa mahaifiyarta ta rasu, ba ta da namijin da zai tsaya mata. Ya yi salati, ya ce duk wanda ya taɓa sa hannu a tuwonta zai zo, ko kasuwa za ta tashi. Ta yi godiya, ta ƙara da cewa ta ji ana faɗin yadda Honarabul yake tausayin tsofaffin da ba su da kowa, da zai taka ya zo, da an share wa talaka hawaye. Alhaji Ɗanliti ya ji daɗin shawarar, ya ce da hannunsa zai kawo shi.

Daga baya ta ji yadda aka yi. A lasifika Alhaji ya sanar, a gaban dubban mutane da masu ɗaukar hoto, cewa uwar Kalsum mai tuwo ta rasu, kuma Maraya da kansa zai jagorance su zuwa jana'iza. Wuri ya ɗauki kabbara. Zayyanu ya ce jirgi zai bi, Alhaji ya ce ai Agege a bakin filin jirgi take, ya buɗe motar Honarabul ya shiga ya zauna kusa da shi.

Layin ya cika har bakin titi. 'Yan dako da ƙurar buhu a kafaɗa, dillalai, mahauta, 'yan okada, tsofaffin unguwa. Kalsum tana bayan labulen ƙofar gida, tana kallo ta gefe. Ta ga an fito da makara an ajiye, ta ga ana buɗa hanya, ta ga ƙaninta cikin farar shadda, ba takunkumi yau, gumi yana bin wuyansa. Malam Hadi, wanda shi ya raɗa masa suna, ya kare ido da tafin hannu ya dube shi.

"Alhamdu lillahi, ga ɗanta ya iso. Zayyanu, matso. Kai ne waliyyinta, sai da izininka za mu sallace ta."

Wurin ya yi tsit. Zayyanu ya yi murmushin nan nasa na kan dandali, ya ɗan rusuna. "Allah gafarta Malam, ai ni kowace tsohuwa uwa ce a wurina. Bismillah, a yi mata salla."

Kawuna suka fara gyaɗawa, wani ma ya ce Allah ya saka. Saura kaɗan ya sha. Kalsum ta ɗaga labule ta fito, ta tsaya a kan dakali. Ba ta ɗaga murya ba, shirun wurin ne ya kai maganarta har ƙarshen layi.

"Ba kowace tsohuwa ake tambaya ba, wannan ake tambaya. Ga ta nan kwance, Zayyanu. Ɗora hannunka a kan makarar nan ka ce ba ita ta haife ka ba. In ka faɗa, wallahi zan koma ciki, ba mai ƙara jin bakina har in bi ta."

Wayoyi suka tashi sama. Ya dubi makarar, ya dubi mutane. Hannunsa ya ɗaga, ya tsaya a iska, ya koma ya faɗi a gefen riga. Alhaji Ɗanliti ya juyo ya tambaye shi ko wannan yayarsa ce. Zayyanu ya kau da kai. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce shi ya sha ɗaukar yaron nan a wuya a wannan layin, shekara da shekaru suna haɗiye magana don girman Baiwa, yau kam ta ƙare.

Kalsum ba ta yi zagi ba. Ta faɗi benen da maigadinsa, ta faɗi ƙusar, ta faɗi yadda aka ce a jira fid da gwani, a jira kotu, a jira rantsuwa. Ta faɗi kwallin da Inna ta sa jiya tana jiran wanda yake Ikeja. Ta ce duk mai shakka ya tambayi matan da suka yi wanka abin da suka gani a ƙarƙashin likkafanin nan. Malam Hadi ya ɗaga mata hannu ya ce ya isa haka, gawa tana da haƙƙi, ta koma ciki. Ya ce tun da ɗa ya kasa magana, jama'ar Musulmi su ne waliyyanta. Aka ja sahu.

Da aka idar, Alhaji Ɗanliti ya cire hular kamfen da ke kansa ya sake ta a kwata. Aka ɗaga makara. Zayyanu ya matso ya miƙa hannu zai kama, sai 'yan dakon suka haɗe kafaɗu. Ya zagaya ɗaya gefen, nan ma suka rufe. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya ce masa kanzil. Mutanen da abincinsu ɗaukar kayan wasu ne suka ƙi raba wannan kayan da shi, suka wuce da ita a kan wuyansu, suka bar shi tsaye a layi shi da Mahbub.

Kafin a dawo daga maƙabarta hoton ya isa Kwarin Gawo. Mutanensa suka ce sharrin 'yan adawa ne, daga baya suka ce matar riƙonsa kawai ta yi, daga baya suka yi shiru. Motocin da ya ɗauka haya suka cika maƙil daga Mile 12, mutane suka sha doguwar tafiya a kujerun da ya biya, suka je suka dangwala wa wani. Ko a akwatin ƙofar gidan baffansa bai ci ba. Kalsum tana rumfarta ta ji sakamakon a rediyo, ta ƙara nama a miyar ranar, ba ta kuma ɓoye wa kowa dalili ba. Akwai masu ce mata ta wuce gona da iri, ɗan'uwa ɗan'uwa ne, ta tozarta jininta a bainar jama'a. Ta ce su je su faɗa wa wadda aka binne da ruɓaɓɓiyar ƙafa.

Ruwan farko ya sauka lokacin da Zayyanu ya zo. Kalsum ta riga ta koma ɗakin Inna na tsohon gida, tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, sai ga shi shi kaɗai. Mahbub ya daɗe da komawa wurin sabon ɗan majalisa. Ya tsuguna a kan jiƙaƙƙen siminti ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya ce bai zo don ta yafe masa ba, ya san bai kai nan ba. Barci ne ya ƙaurace masa. Abu ɗaya yake so ya sani.

"Yaya, don Allah, ta yi wata magana a kaina kafin ta cika?"

Ta yi. A cikin keke, a hanyar asibiti, Inna ta buɗe ido ta damƙe hannun Kalsum ta ce ta gaya wa Auta ta yafe masa duniya da lahira, kada ya sa abin a ransa. Maganarta ta ƙarshe ke nan, ba ta kuma bar wa wadda ta goya ta ko kalma ɗaya ba. Kalsum ta san amana ce, ta san za a tambaye ta ranar da ake tambaya. Ta ɗago ta dube shi. Ya zuba mata ido, bakinsa a ɗan buɗe, kamar mai azumi yana jiran kiran magariba.

"Ta yi magana," in ji ta. "Da ka zo, da ka ji."

Ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki, ta saki labule.